Fuskar da Kawu Bai Ɗauka Ba

Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe. Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai hoton bakin tashar Konni, ya rasu da hantsin wata Talata bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Allah ya sa can ta fiye masa nan.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Tun kafin addu'ar uku mutanen ƙauye suka fara sauka daga motocin Badagishiri da na Tajaye, wasu a bayan kabu-kabu, kusan kowa da ɗan ƙunshi a hannu. Na ɗauka goro ne ko dabinon sadaka. Ashe hotuna ne. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ina haƙuri?" a amsa masa, sai ya kwance leda ko bakin mayafi ya fito da hoto ya miƙa, a yi ta zagayawa da shi daga hannu zuwa hannu.

Wata mata daga Tajaye, ban ma san ta ba, ta zauna kusa da ni a tsakar gida ta ɗora mini hoton wata tsohuwa a cinya.

"Uwata ta," in ji ta. "Bara tar rasu. Duba tsagarta, ƙirga ki gani, ko guda ba ta ɓace ba. Jikokin da ba su ishe ta ba, da wanga za su san gidan da sunka hito."

A rumfar maza kuwa, an ce wani direba ya tashi ya ce shi akwai abin da bai yafe wa mamaci ba: ya taɓa rasa layin lodi saboda hoton katin shaida, don Kawu ya tsare shi a kan benci har sai da wani gajimare ya gusa. Aka kwashe da dariya a gidan mutuwa, liman ma sai da ya rufe baki da rawani, sannan aka shafa fatiha.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbinta. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita ce babba, shi ne auta. Duk hoton da ya zagayo sai ya bi ta hannunta. Ta duba, ta ce, "Allah shi jiƙan su," ta miƙa gaba. Cikin tsofaffin da ke tsakar gidan, ita kaɗai ce ba ta da abin kwancewa. Kawu ya ɗauki fuskokin tsofaffin ƙasar nan tun daga Konni har Illela, amma bai samu ta yayarsa ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana roƙo tana ƙi. Da wannan burin ya kwanta, ni kuma ya bar wa kyamarar da sauran aikin. Ina rubutun nan ne don kada a manta da shi, kuma ba yadda zan ba da labarinsa in tsallake wannan.

Ina goye abin ya faru, don haka ji na yi, ban gani ba. Lokacin Kawu saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga Sakkwato inda ya koyi aikin ba, yana ta rawar kai. Ya je gaishe da Inna a ƙauyen aurenta, a kwarin Badagishiri, ana cire albasa. Ya same ta a lambu tana dariya da matan gida, kallabi ya zame, kitso a waje, ni a bayanta. Ya ɗaga kyamara ya ɗauka ba ta sani ba. Da ya wanke, hoton ya yi kyau har ya ruɗe shi, sai ya manna shi a gilashin ƙofar shago don jan masu ciniki. Ya kuwa ja su. Direbobi da 'yan kamasho suka riƙa tsayawa kallo, har wani ɗan ƙauyen ya gani ya kai wa Baba labari cewa matarsa na bakin tasha ba kallabi, kowa na ƙare mata kallo. Baba mutum ne mai saurin zuciya, Allah ya jiƙansa. Ya ce ta tafi gida. Wata uku manya suna kai da komo kafin ta koma ɗakinta.

Ranar da za ta koma, ta biya ta shagon da ƙafarta. Ta sa ya ciro hoton da fim ɗinsa, ta jefa su a wutar mai shayin da ke kusa, ta tsaya har suka ƙone. Sannan ta rantse da Allah a gaban mutane cewa ba za ta taɓa zama gaban gilashinsa ba. Baba ya rasu, mai kai gulmar ya rasu, an rushe shagon an sake gini, rantsuwar tana nan.

Kada wani ya ɗauka gaba suke yi. Ina! Bayan rasuwar Baba ta dawo Konni, gidanta da nasa katanga ɗaya. Ba ya shan furar kowa sai tata, ita kuma ko ciwon kai ta yi shi ke zuwa farmasi. Ya nemi gafara tun tuni, ta ce ta yafe duniya da lahira, amma yafiya daban, rantsuwa daban. Kowace sallah zai shigo da kyamarar rataye a ƙirji, ya zauna kan tabarma, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Yaya, bana hwa?"

Ita kuma ta ce, "Auta, ƙara miya."

Shi ke nan an rufe zancen sai wata sallar.

Kyamarar nan, shi apare yake ce mata, mutane da yawa ita suka fara tambaya bayan sun gama gaisuwa. Da zamanin fim ya wuce Kawu ya daɗe yana tirjiya, har sai da ya rasa inda zai sayi fim ɗin da ruwan wanki. Da ya tashi sauyawa kuma bai sayi sabuwa ba. Ya tafi Sakkwato ya samo wata tsohuwa a hannun wani mai ɗaukar wa jarida hoto da ya gaji da ita: baƙa, jikinta ƙarfe, robar mariƙinta ta goge har tana ƙyalli, nauyinta kamar an rataya wa mutum ɗan dutsen niƙa. Tun a lokacin an bar yayinta. Dalilinsa shi ne bakinta ɗaya da tsofaffin idanunsa na zamanin fim, waɗanda masu aikin ke kira objektif. Murɗawa kawai zai yi su zauna daram. Kuma wurin da haske ke sauka a cikinta faɗinsa ɗaya da na fim, don haka idanun suna gani yadda suka saba.

Idanun uku ne, duk sun girme ni: gajere na taro, matsakaici na tsayuwar mutum, da dogo na fuska. Ƙarfe ne da gilashi kawai. Ba sa nemo mutum da kansu. Zobe biyu gare su, ɗaya ka juya har fuska ta fito tas, ɗaya ka buɗe wa haske hanya ko ka rage. Kowanne a cikin tsohuwar hula yake kwana. Yana goge su da wani yankin rawani da ya sha wanki har ya yi laushi, kuma in ya ci goro ba ya hura musu iska, wai kada ya fesa musu ja. Jikokinsa na hawa kansa su ja masa gemu, amma ba wanda ya isa ya taɓa hulunan nan.

Da waya ta cika gari aikin shago ya ja baya, bai kuwa damu ba, sai ranar da wata mata ta kawo hoton mahaifinta a waya a wanke mata babba, don ya rasu. Kawu ya san mutumin, tare suka yi wasan ƙasa. Baƙi ne wuluk, da tsaga shida-shida a kunci. A hoton wayar kuwa ya yi haske, fuska sumul, tsagar ta koma 'yar inuwa-inuwa. Na iske Kawu ranar yana ta zagaya shago, ya kasa zama.

"Dubi abin ga," ya ce mini. "Ta goge mai asali. An bar yin tsaga, ban ce a koma ba, yara sun huta da aska. Amma masu ita ƙarewa mukai, bayanmu babu wasu. In munka tahi, anka bar ma jikoki irin wanga, wa za shi san huskarmu?"

Daga nan ya fara bin kasuwannin ƙauye. Ranar kasuwar Badagishiri yana can, ranar ta Tajaye yana can, ya nemi tsofaffi masu tsaga, maza da mata, ya roƙe su su zauna. In ya dawo Konni ya wanke biyu, ɗaya ya ajiye a kwali, ɗaya ya mayar wa mai shi kasuwa mai zuwa, kyauta. A bayan kowanne yana sa a rubuta gidan da mutumin ya fito da wanzamin da ya yi tsagar, in an tuna shi.

Babban ɗansa, taubashina, da ke aikin fito da kaya a duwan, wato kwastan, ya ga uban na wahala da nauyi, sai ya sayo masa sabuwa daga Kwatano, 'yar ƙarama, mai nemo fuska da kanta. Niyyarsa mai kyau ce, ko da yake ban taɓa faɗa masa haka ba, don tsakanina da shi ba a yabo. Kawu ya karɓa ya sa albarka, ya tafi da su duka biyun kasuwa. Da ya dawo ya jera hoto biyu na tsoho ɗaya a kan benci ya kira mu. A na sabuwar komai ya fito: tsohon, buhunan albasa, jakin da ke bayansa, har da wata tsohuwar taya a kan rufin rumfa, kowa na neman a dube shi, fatar tsohon kuwa ta koma wankan tarwaɗa. A na tsohuwar mutumin kaɗai ne, duk abin da ke bayansa ya narke ya zama launi, baƙinsa yana nan yadda Allah ya yi shi, kowace tsaga da 'yar inuwarta.

"Baƙin mutum ba guda ba na," in ji Kawu. "Akwai na goshi, akwai na kunci, akwai na ƙarƙashin ido. Tsohon gilashi ba shi gaggawa, shina bi da su sannu. Wagga taka ta aza baƙi kuskure na, tana son gyarawa."

"Baba, wagga hwa tana ɗaukar ashirin kahin ka ɗauki guda," in ji taubashina.

"In yi mi da ashirin? Huska guda gare shi."

Taubashina ya ce to shi ke nan, a yi ta fama da tsohon ƙarfe. Na ce masa ya bar wa masu ido aikin ido, ya koma ga buhunansa. A gaskiya sabuwar ba ta da laifi. Ita ake kai wa biki da wasan ƙwallo har yau, kuma a ɗaki mai duhu ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Sai dai ba ita za ka ɗauka ka shiga ƙauye ba. Tsohuwar in an cika batirinta a Konni sai ta ci kasuwa uku ba ta nemi wuta ba. Ta taɓa faɗowa daga kabu-kabu a gangaren kwari da damina, ta yi birgima cikin taɓo. Kawu ya goge ta da gefen riga ya ci gaba da aiki, shi ne ma ya yi mako yana ɗingishi. Ga kuma ƙararta. In an danna sai ka ji ƙaras! kamar an rufe kwaɗo, tsoho ya san an yi aiki, ya gyara zama ya ce, "To, madalla."

Ni ba da niyya na shiga aikin ba. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, da 'ya'yana da hidimata. Shekara huɗu da suka wuce idon Kawu ya fara hazo. Haske yana ganinsa, inuwa ma haka, amma ya juya zoben nan har gashin ido ya fito ɗai-ɗai, wannan ya gagare shi. Ya ɓata hotuna da dama kafin ya yarda ya faɗa. Da hutu ya zo sai ya aiko a kira ni, ya ce ni ce mai idon gidanmu, tunda tun ina ƙarama nake hango laifin kowa. Muka raba aikin: shi ya zaɓi wuri da haske, ni in juya zobe in danna.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya shaida, 'yan ajina sun fi kowa shaida. Ranar farko a Tajaye na kusa ajiye masa kayansa in hau mota. Wani tsoho ne, na tsayar da shi a fili rana na dukan fuskarsa, na ce ai ga haske. Kawu ya kama hannun mutumin ya kai shi bakin zaure, rabinsa ciki rabinsa waje.

"Tsaga rami ta, ɗiyata," ya ce. "In haske ya zo mata gaba da gaba, sai shi cike ramin ta ɓace. Bari shi zo ta gehe."

Na duba, wallahi kuwa sai ga su sun tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ce to in danna? Ya ce in dakata. Tsohon ya ƙame kamar soja, yadda mutanenmu ke yi in sun ga kyamara. Kawu ya tsuguna gefe yana tambayarsa damina, da wanzamin da ya yi masa aska, da ko gaskiya ne mutanen garinsu sun fi kowa tsoron kura. Wuyana ya ƙage, ina ta mita a zuci. Can tsohon ya manta da ni, kafaɗarsa ta sauka, ya buɗe baki zai rama. Kawu ya taɓa ƙafata da sandarsa. Na danna. Ashe jinkirin nan da na tsana shi ne rabin aikin: kafin ka gama juya zobe, mutum ya gaji da ƙamewa ya dawo yadda iyalinsa suka san shi. Hoton tsohon na cikin waɗanda aka kawo wurin makoki, ɗansa ne ya zo da shi.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, a kan Inna. Kafin nan ta yi katin shaida a buro, wato ofishin gwamnati, inda ake haska wa mutum fitila a fuska; tsagarta, uku-uku a kunci da bille a ƙarƙashin idon hagu, ta ɓace ɓat. Kawu ya juya katin ya sake juyawa ya ce, "Wagga ba yayata ba ta." Ta ce, "Gwamnati dai ta yarda ni ta." Abin ya tsaya mini a rai. Ga shi tana tsufa, shi ma ƙarfinsa na raguwa, a kwalinsa akwai uwar kowa ban da tawa.

Da sallar layya ta zo, Inna na zaune a bakin ƙofa da la'asar tana yanka nama, haske na zuwa mata ta gefe kamar an auna. Dogon idon na kan kyamara, kyamarar na wuyana. Na raɗa masa cewa daga nan inda nake zan iya, ba za ta ma ji ƙarar ba da hayaniyar yara. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya cire igiyar daga wuyana da hannunsa, ya ja ni zaure.

"Na hwarko sata niy yi, tac ci mata wata ukku na aurenta. Yanzu ki ce in ƙara? Huskar mutum tashi ta. In ba ta ba ni ba, ban da ita."

Na ce masa to sai su zauna da taurin kansu su biyun har mutuwa ta raba, ni ina ruwana. Na faɗa, kuma har yau ina jin zafin faɗar. Kasuwa biyu bai neme ni ba. A ta uku ya aiko mini da kilishi da saƙo cewa in zo, idonsa na jira. Bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka.

Ciwon ajalinsa ya fara kamar masassara, ya sauka a ƙirji. An kai shi likita, aka dawo da shi gida. Kwana taran nan Inna ba ta matsa daga gefensa ba, tana masa fifita, tana ba shi ruwa da ludayi, suna hirar mutanen da duk sun rigaya. Na yi ta kasa kunne ko zai sake roƙonta. Bai roƙa ba. Ana jibi zai rasu, da ta fita alwalar azahar, ya sa aka ɗauko jakar ya ɗora hannuna a kai.

"Taki ta. Kwalin ma naki na. Saura guda, kin san ta. Kar ki sata, kar ki matsa mata. In ba ta bayar ba a bar ta, ita ta hi hoton."

Allah, ga bawanka nan ya zo. Bai tara komai ba sai fuskokin mutane, kuma tun daga kuskurensa na ƙuruciya bai ƙara ɗaukar ko ɗaya ba sai da izinin mai ita. Ka yafe masa wancan da sauran, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da iyayensa cikin rahama.

Washegarin addu'ar bakwai baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi, aka kwance rumfa. Ni ma na haɗa kayana, don lakwal ba ta san makoki ba, direban motar Malbaza kuma ya ce zai biyo ta bakin titi ya ɗauke ni. Na shiga yi wa Inna sallama da jakar Kawu a kafaɗa. Na same ta ta yi wanka, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi wanda ba ta fito da shi sai da dalili, ta sa kwalli.

"Aje kayan ga," ta ce. "Hiddo abin."

Na tsaya ina kallonta. Na ce, "Inna, rantsuwar fa?"

"Na yi kahwara. Kwana ukku da kwanciyarshi na aika anka tambayo min liman. Yac ce hatsi mudu goma, ga mabuƙata goma. Na auna da hannuna, na bayar."

Ashe kwana shida ta yi a gefensa da wannan magana a bakinta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, har muryata ta tashi. Na ce, "Haba Inna! Kwana shida! Kalma ɗaya fa! Da ya tafi da farin ciki."

Ba ta yi mini tsawa ba, ko da yake na cancanta. Ta ce, "So niy yi shi tashi shi ɗauka da hannunshi. In na hwaɗa mai shina kwance, ai ya san sallama nikai mai. Ni kau ban shirya sallama ba."

Na ajiye kayana. Na fito da kyamarar, na zaro dogon ido daga hularsa na murɗa. Na ajiye mata 'yar kujera a bakin ƙofa inda hasken hantsi ke shigowa ta gefe. Ta zauna, ta tura kallabinta baya kaɗan da kanta don tsagar ta fito har kusa da kunne. Ba ta ƙame ba. Ta dubi cikin gilashin kai tsaye, ba ni take kallo ba, ta ce, "To, Auta, ga ni."

Na juya zobe, fuskar ta ƙi fitowa. Na mayar da shi baya, ta ƙi. Sai can na gane ba gilashin ba ne, idona ne. Na sauke, na share da gefen mayafi, na sake ɗagawa. Inna, matar da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, ranar ba ta ce mini in yi sauri ba. A karo na uku fuskar ta fito, na danna, sau ɗaya.

Ta miƙo hannu na ba ta. Allon bayan kyamarar ƙarami ne, sai da na kare mata shi da tafin hannu. Ta daɗe tana kallo. Ta bi tsagar da ɗan yatsa, uku nan, uku can, da billen.

"Duk sun hito," ta ce. Sannan ta ƙara, "Da shi yaɗ ɗauka, da ya hi haka kyau."

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

Ta rungume kyamarar a cinyarta, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Motar Malbaza ta yi ta oda a bakin titi har ta gaji ta tafi.